Sauran Mata 280 Fa?

Kusan duk wanda ya taɓa jin labarin jaririn kwalba ya ji sunan Louise Brown, yarinyar da aka haifa ranar 25 ga Yuli, 1978 a asibitin garin Oldham da ke Ingila. Ita ce ta farko a duniya da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a wajen jiki, sannan aka mayar da ɗan tayin cikin mahaifa ya girma har aka haife ta. Jaridun duniya sun buga hotonta, an kuma yi ta jinjina wa mutanen nan uku da suka yi aikin, wato likitan mata Patrick Steptoe, da masanin kimiyya Robert Edwards, da Jean Purdy mai kula da ɗakin gwaji. A shekarar 2010 aka ba Edwards lambar yabo ta Nobel, a lokacin sauran biyun sun riga sun rasu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika kawowa ba. A shekarar 2015 wasu masana suka wallafa abin da suka tarar a littattafan ajiyar bayanai na waɗannan mutane uku. Tsakanin 1969 da 1978, mata 282 ne suka miƙa kansu ga wannan gwaji a Oldham. Daga cikinsu ciki 5 kawai aka samu, jarirai 2 kuma suka zo da rai suka rayu, wato Louise da wani yaro da aka haifa a Janairun 1979. To, sauran mata 280 fa? Sun sha allura, an kwantar da su an ɗebi ƙwayayensu, wasunsu ma tun kafin a kai ga fara mayar da ɗan tayi cikin mahaifa, suka koma gida hannu Rabbana. Babu jaridar da ta buga hotonsu, alhali da jikinsu aka koyi aikin da a yau ya samar da yara sama da miliyan 10 a duniya.

Mai karatu, waɗannan mata 280 su ne dalilin wannan rubutu. Abin da muke son faɗa bai wuce wannan ba: duk lokacin da aka ce magani ya yi nasara, a tambaya su wa aka ƙirga, su wa aka bari a waje, kuma a ina aka tsayar da ƙirgar. Lissafi na gaskiya ba shi da daɗin ji, amma rahama ne ga macen da ba ta dace ba, domin yana sauke mata laifin da ba nata ba.

Abin da ya kai mu ga wannan karatu

Mu ba likitoci ba ne, abin da ya faru a gidanmu ne ya tura mu karatun takardun likitoci. Muna da ƙanwa da ta yi shekara 11 a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Babu irin jiƙe-jiƙen da ba ta sha ba, babu irin habaicin da ba ta haɗiye ba a gidajen suna. Daga ƙarshe aka gano bututun nan biyu da ƙwai ke bi ya isa mahaifa duk sun toshe, irin lalurar da ta hana mahaifiyar Louise Brown haihuwa tsawon shekara 9. Aka ce sai dashen ƙwai, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IVF. Ta sayar da sarƙarta ta gwal da rabonta na gonar gado, mijinta ya kawo abin da ya tara, muka yi karo-karo aka cike, suka tafi wani asibiti a wani babban birni.

Kafin a fara, an gaya musu cewa asibitin na samun nasarar kusan rabi. Rabi! Ga wanda ya yi shekara 11 yana jira, wannan ai kamar an ce masa ya sayi ragon suna ne. Aka yi aikin, bayan mako 2 awon jini ya nuna ciki ya shiga. Aka yi ta hamdala a ɓoye, domin ba a so dangi su ji. A mako na 7 cikin ya zube. Da ta ɗan farfaɗo sai ta yi mana wata tambaya da har yau muke juya ta. Ta ce, “Yaya, ni yanzu a littafinsu a wane gefe aka rubuta ni, cikin waɗanda suka dace ko cikin waɗanda ba su dace ba?” Amsar wannan tambaya muka shiga nema, kuma abin da muka samo shi muke son mu raba da ’yan’uwa.

Tsani mai matakai da yawa

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane inda lissafin ke karkacewa. Mace kan saki ƙwai ɗaya ne a wata. A wajen dashen ƙwai sai a yi mata allurai na kimanin kwana 10 zuwa 12 don ƙwayaye da yawa su nuna a lokaci guda. Daga nan a sa wata siririyar allura a zuƙo su, ana kallo ta na’urar hoton ciki. A haɗa su da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a ajiye su a wata na’ura mai ɗumin jikin mutum kwana 3 zuwa 5. Wanda ya yi kyau a cikinsu a mayar da shi mahaifa, in akwai saura a daskarar da su don gaba. Sannan a jira mako 2 a yi awon jini.

A kowane mataki na wannan tsani akwai masu zamowa. Wata allurar ba za ta tayar mata da ƙwai ba. Wata a sami ƙwai amma ya ƙi haɗuwa da maniyyi. Wata ya haɗu amma ya tsaya da girma kafin ranar mayarwa. Wata a mayar ya ƙi kamawa, wata kuma ya kama ya zube, kamar yadda ya faru ga ƙanwarmu.

Bari mu buga misali da lissafin ƙaddarawa kawai. A ce mata 100 sun fara allura, 80 suka kai matakin mayar da ɗan tayi, 36 awon jini ya nuna ciki, 28 suka haihu. Mai asibiti zai iya cewa ciki 36 cikin mayarwa 80, wato kashi 45 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba. Amma macen da ta sayar da gonarta ba awon jini ta je saye ba, goyo ta je nema. Nata lissafin shi ne 28 cikin 100. Mata ɗaya, aiki ɗaya, lissafi biyu. A lissafin farko ƙanwarmu tana cikin waɗanda suka dace, kuma ita ce za ta taimaka wajen kai adadin ga “kusan rabi” da za a gaya wa mai zuwa bayanta.

Saboda irin wannan ne wasu ƙasashe suka shigo da doka. Birtaniya ta kafa hukuma ta musamman a 1991 wadda ke ba asibitocin haihuwa lasisi tana kuma karɓar bayanin kowane aiki da suka yi. Amurka ta yi dokarta a 1992 da ta wajabta wa asibitocin bayyana sakamakonsu. Daga irin waɗannan rijistoci ne aka sami alƙaluman da za a iya dogara da su.

Abin da manyan alƙaluma suka nuna

A shekarar 2015 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da aka yi a kan rijistar Birtaniya. An bi mata 156,947 da suka fara dashen ƙwai tsakanin 2003 da 2010, aka ƙirga haihuwar ɗa mai rai kawai. A zagayen farko kashi 29.5 cikin 100 ne suka haihu. Ke nan a ƙasar da ba a ɗauke wuta a ɗakin gwaji, mata 7 cikin 10 kan koma gida babu komai a karon farko. Da aka tara sakamakon zagaye 6, an ƙiyasta adadin ya kai kimanin kashi 65.

Babban abin da ya raba matan shi ne shekaru. Waɗanda ba su kai 40 ba, masu amfani da ƙwan kansu, kashi 32 suka haihu a zagayen farko. Masu shekara 40 zuwa 42, kashi 12. Waɗanda suka haura 42 kuwa, ba su kai kashi 4 ba a kowane zagaye. Dalilin a bayyane yake ga masana: ana haihuwar ’ya mace da duk ƙwayayen da za ta mallaka a rayuwarta, tsakanin miliyan 1 da miliyan 2, kuma kullum raguwa suke yi a yawa da inganci, musamman daga shekara 35. Allura na iya tayar da ƙwan da ke nan, ba ta iya mayar da shi sabo.

Darasi biyu muka ɗauka daga nan. Na ɗaya, rashin dacewa a zagayen farko shi ne abin da ya fi faruwa, don haka ba alama ba ce ta cewa macen ta yi wani ganganci ko an yi mata asiri. Ko ma’aurata masu ƙuruciya da lafiya, damar ɗaukar ciki a wata guda ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 ba. Na biyu, kashi 65 ɗin nan na mai halin komawa har sau 6 ne. A Nijeriya kowane zagaye miliyoyin naira yake ci, kuma daga aljihu ake biya. Ga yawancin mutanenmu zagaye ɗaya ma linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. Duk wanda zai sayar da gona, ya kamata a gaya masa tun farko cewa ƙila gona ɗaya ba za ta isa ba.

Son tagwaye da abin da ke bayansa

Wa ya kai mu son Hassan da Husaini? Macen da ta yi shekaru tana jira, in aka ce mata za a sa mata ’yan tayi 2 ko 3 don ta huta gaba ɗaya, ai godiya za ta yi. Asibiti ma yana so, domin adadinsa na ciki zai hau. Amma bincike ya nuna cewa cikin tagwaye shi ne haɗari mafi girma da ke tattare da wannan aiki. Fiye da rabin tagwaye bakwaini ake haifarsu, uwar kuma ta fi fuskantar hawan jini da jijjiga da zubar jini da tiyata.

A 2004 aka wallafa wani gwaji da likitocin Suwidin suka jagoranta a kan mata 661 da ba su kai shekara 36 ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri’a. Rukuni ɗaya aka sa musu ’yan tayi 2 a lokaci guda. Ɗaya rukunin aka sa musu 1, in bai kama ba a narkar da ɗayan da aka daskarar a sa daga baya. Masu biyu-biyu kashi 43 suka haihu, masu ɗaya-bayan-ɗaya kashi 39, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma haihuwar tagwaye ta kai kashi 33 a rukunin farko, a na biyu kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Irin wannan hujja ce ta sa Birtaniya ta sauya hanya. A 2008 kusan haihuwa 1 cikin 4 ta dashen ƙwai tagwaye ce ko fiye, zuwa 2019 ta sauko kashi 6, kuma adadin masu haihuwa bai faɗi ba, ƙaruwa ma ya yi.

In har ƙasar da ke da kwalbar renon bakwaini a kowane babban asibiti ta ji tsoron tagwaye haka, ina ga mu da sai an yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan kafin a sami kwalba ɗaya da babu kowa a ciki? Nasarar da ta ƙare da jarirai uku masu nauyin kwalin sukari a ɗakin da babu wuta, a littafi kawai take nasara.

“Ki kwantar da hankalinki”

Babu jumlar da mai neman haihuwa ke ji kamar wannan. Uwar miji za ta faɗa, maƙwabciya za ta faɗa, har ma’aikaciyar jinya. Ana faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma abin da ke shiga kunnen macen shi ne: damuwarki ce ta kori cikin. A 2011 wasu masana suka tattara bincike 14 da suka ƙunshi mata 3,583, waɗanda aka auna damuwarsu kafin a fara musu aiki. Sakamakon ya nuna masu tsananin damuwa da masu kwanciyar rai duk ɗaya suke wajen samun ciki. Ranar da muka karanta wa ƙanwarmu wannan, ta daɗe shiru, sannan ta ce, “Ashe ba kukana ne ya zubar da shi ba.” Wata 5 ta yi tana ɗauke da wannan zargi ita kaɗai.

Haka nan bincike ya bankaɗo wasu ƙare-ƙaren da ake sayar wa masu nema da sunan ƙarin dama. Alal misali, an daɗe ana ɗan karce bangon mahaifa kafin a sa ɗan tayi, wai don ya fi kamawa, ana kuma karɓar kuɗi a kai. A 2019 aka buga sakamakon gwaji a kan mata 1,364 a ƙasashe daban-daban. Waɗanda aka karce kashi 26.1 suka haihu, waɗanda ba a karce ba su ma kashi 26.1. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Daɗin daɗawa, ba kowace mace ke buƙatar dashen ƙwai ba. Wadda matsalarta rashin fitar ƙwai ne kowane wata, sau da yawa ƙwayar magani ta ishe ta. Wani gwaji na Amurka a 2014 a kan mata 750 ya nuna kashi 27.5 sun haihu da ƙwayar letrozole, kashi 19 kuma da clomiphene, ba tare da an shiga ɗakin gwaji ba.

Ina maigida?

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan baligi 1 cikin 6 kan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin kusan ɗaya ne a ƙasashe masu arziki da matalauta. Abin da ake kira rashin haihuwa a likitance shi ne a yi wata 12 ana tarawa ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. A kusan rabin irin waɗannan gidaje, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma harshenmu yana da “juya” yana da “bakarariya”, duk na mace. Namiji kuwa maganinsa a al’ada shi ne ya ƙara aure, in ta biyun ma ba ta haihu ba a ce ya yi rashin sa’ar mata. Awon maniyyi ba ya ciwo, ba ya tsada, a yini ɗaya ake gama shi, alhali awon mace yana ɗaukar makonni da kuɗi da wahala. Hankali ya ce a fara da mai sauƙi. Kuma tun 1992 likitoci a birnin Brussels na Beljiyam suka fito da hanyar ɗaukar ƙwayar maniyyi ɗaya tak a tsira ta cikin ƙwai da allura, abin da ya ba maza masu ƙarancin ƙwayoyi damar zama iyaye. Ɓoye lalurar da ke da magani ai cutar kai ne da cutar baiwar Allah da ake zargi.

Akwai kuma binciken da ya shafe mu kai tsaye. A 1985 aka wallafa sakamakon wani aiki na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka gudanar a ƙasashe 25. A cikin matan Afirka da aka duba, kashi 49 bututunsu biyu duk a toshe suke, a ƙasashen da suka ci gaba kuwa kashi 11. Mafi yawan toshewar daga ƙwayoyin cuta ne: ciwon sanyi da ba a magance da wuri ba, wanda sau da yawa mijin ne ke kawo shi gida, da cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Shi ya sa a nahiyarmu an fi samun wadda ta haihu sau ɗaya sannan haihuwar ta tsaya. Maganin ’yan kuɗi kaɗan da aka sha a kan lokaci, da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, za su hana abin da miliyoyi ba lalle su gyara ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Yaran fa, lafiyarsu ƙalau?

Wannan tambaya ce da ake yi a ɓoye. Bincike ya nuna yawancinsu lafiya lau suke girma. An ga ɗan ƙarin haɗarin zuwa bakwaini da ƙarancin nauyi ko da jariri ɗaya ne, da ɗan ƙari kaɗan a lahanin haihuwa, kuma masana na ganin wani ɓangare na wannan ƙari daga lalurar iyayen ne da shekarunsu. A 2013 aka bi yara 106,013 da aka haifa ta wannan hanya a Birtaniya, ba a ga sun fi sauran yara kamuwa da sankara ba in aka haɗa nau’o’inta gaba ɗaya. Ita kanta Louise Brown ta haifi ɗanta na fari a 2006 ba tare da taimakon ɗakin gwaji ba. Ta fuskar shari’a kuwa, tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccin aikin, da sharaɗin ƙwai da maniyyi da mahaifa duk na miji da matarsa ne, aurensu kuma yana nan.

A nan gida

Aikin ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara shi a Legas, a 1998 kuma aka haifi jaririya ta wannan hanya a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Tun daga nan asibitoci suka yawaita. Akwai kuma wata rijista ta nahiyar Afirka mai suna ANARA, wadda ke da cibiya a Afirka ta Kudu, tana tattara sakamakon asibitocin ƙasashe daban-daban. Sai dai shiga cikinta ganin dama ne, asibitin da ya so ya ba da alƙalumansa, wanda bai so ba ya riƙe abinsa.

Inda babu lissafi a fili, nan macuta ke kafa rumfa. A 2024 binciken BBC ya tona asirin wasu masu kiran kansu likitoci a Jihar Anambra, waɗanda ke ɗura wa mata magunguna cikinsu ya kumbura, su ce ciki ne da na’ura ba ta iya gani, su karɓi kuɗi wata da watanni, daga ƙarshe su miƙa musu jaririn da aka sayo. Kada mu yi dariya mu ce can ne. Mu da muka tashi muna jin zancen kwantaccen ciki da ke shekara 3 bai motsa ba, da mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa cewa garinsa bai taɓa kuskure ba, ƙofarmu a buɗe take ga irin wannan. Alamar macuci ɗaya ce a ko’ina: ba shi da mata 280, kowa a wurinsa ya dace.

Ƙanwarmu ta sake gwadawa sau ɗaya da ɗan tayin da aka daskarar mata, bai kama ba. Ita da mijinta suka zauna suka dubi shekarunta da abin da ya rage a hannunsu, suka yanke shawarar tsayawa. Yanzu ’yar wanmu tana hannunta riƙo, tana aji 3 a firamare. Ba za mu ce ciwon ya warke ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ta tsaya ne da saninta, ba ta kuma ƙara cewa laifinta ne ba.

Ga wanda abin ya shafa, ko ya shafi wani nasa, ga tambayoyin da muke ganin a yi wa likita kafin a sayar da ko akuya. Cikin mata 100 masu shekarun matata da suka fara allura a nan, nawa suka koma gida da jariri? An auna mijin? ’Yan tayi nawa za a mayar, kuma don me? Wannan ƙarin aikin da za mu biya, wane gwaji ya nuna yana ƙara haihuwa? In zagayen farko bai yi ba, nawa na biyu zai ci? Likitan kirki ba zai ji haushin waɗannan ba, domin shi ma su yake yi wa kansa.

Ku kuma ’yan’uwa masu riƙe da alƙalami, musamman masu tasowa, labarin matar da ba ta haihu ba yana cikin abin da masu karatu suka fi bi, kuma mata da yawa daga littafi suke fara jin cewa akwai dashen ƙwai. Duk wanda zai taɓa wannan fage, ya sani cewa tauraruwar da ta tafi ƙasar waje ta dawo da ’yan uku a zagayen farko tana iya sa wata ta sayar da gidan gado. Ga makonni biyun jira, ga maigidan da ke tsaye a ƙofar ɗakin awo yana jin kunyar shiga, ga ma’auratan da suka ce ya isa haka suka ci gaba da zamansu da mutunci. Duk waɗannan labarai ne, kuma masu su sun fi yawa. Haihuwa kyauta ce ta Allah, Yana ba wanda Ya so, nema kuma wajibinmu ne, faɗin gaskiya a kan abin da neman ke haifarwa shi ma haka. Allah Ya ba masu nema, Ya sanyaya zuciyar waɗanda ba su samu ba, Ya raya mana waɗanda aka samu. Amin.